Darasin Kiwo: Yaushe Za Ki Sa wa Kazarki Ƙwai, Kuma A Ina Za Ta Kwanta?

  Darasinmu na wannan fitowa a kan kajin gida ne, wato kajin Hausa, waɗanda da wuya ki shiga gida a Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ƙafur ko Malumfashi ba ki tarar da biyu ko uku suna tono a tsakar gida ba.

Abin da ya jawo wannan darasi, wata rana bayan mun tashi daga ajin matan aure, sai wata ɗalibata ta tsaya ta ce da ni, "Malama, ni fa kiwon kaji bai karɓe ni ba, ba ni da hannu. Kazata ta ƙyanƙyashe 11, yau saura 2." Sai na tambaye ta yaushe ta ƙyanƙyashe, ta ce tsakiyar marka. Na ce ina suke kwana? Ta ce ƙarƙashin rumbu. Na ce to Yaya, hannunki lafiyarsa ƙalau, lokacin da wurin ne suka ci miki 'yan tsaki.

Ni ma ba a kan takarda kawai na koyi wannan ba. Shekarar da na fara kiwo ina da kaji 14. A watan Disamba na sa aka sayo mini wani ƙaton zakara a kasuwa, na sake shi cikin kajina a ranar. Kafin mako biyu sun koma 3, har da wadda take kan ƙwai ta tafi. Kuɗin da na ƙwallafa rai zan yi wa yara ɗinkin Sallah da su, haka suka bi iska.

'Yar uwa, kin fi ni sanin cewa kaza ita ce asusun mace. Ita ce kuɗin maganin yaro da tsakar dare, ita ce kuɗin littafi, ita ce gudummawar biki, ita ce miyar baƙo. A 'yan shekarun nan da satar shanu ta addabi yankunan Faskari, Sabuwa da Ɗandume, gidaje da yawa ƙaramin kiwon nan ne ya rage musu. Masana kiwo sun daɗe suna faɗa cewa a ƙauyukan Afirka sau da yawa rabin 'yan tsaki ko fiye ba sa kai wata biyu a raye. Mafi yawan wannan asara ana iya tare ta da abu biyu: ki zaɓi lokacin kwanci da kanki, ki kuma tanadi wurin da ya dace.

KI FARA SANIN KWANAKIN KAZARKI

Ba za ki iya zaɓar lokaci ba sai kin riƙe wannan lissafi a ka:

1. Sagarar gida takan fara ƙwai tana da wata 6 zuwa 7.
2. Takan zuba ƙwai 10 zuwa 15 cikin mako 2 zuwa 3, sannan ta nemi kwanci.
3. Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21. Na zabuwa kwana 26 zuwa 28. Na agwagwar gida kwana 35.
4. Idan aka bar ta, takan yi wata 2 zuwa 3 tana jan 'ya'yanta kafin ta koma ƙwai. Shi ya sa yawancin kajinmu ba sa wuce kwanci 3 a shekara.
5. Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa da kansa sai gashinsa ya cika, wajen mako 5 zuwa 6.
6. Zakaran gida yakan kai girman sayarwa a wata 5 zuwa 6, idan yana samun abinci.

Kin ga ke nan daga ranar da kika sa ƙwai zuwa ranar da ɗan tsako zai fita daga haɗari, mako 9 ne: 3 na kwanci, 6 na reno. Duk darasin nan a kan waɗannan makonni 9 yake. Tambayar da za ki riƙa yi wa kanki ita ce, a wane yanayi za su faɗo?

SHEKARARMU DA ABIN DA TAKE YI WA KAJI

Marka (ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba). Wannan shi ne lokacin da ruwa ya fi yawa a ƙasarmu. Ƙasa ba ta bushewa, ɗan tsako yana bin uwarsa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, sanyi ya kama shi, kafin yamma ya kwanta. Danshi kuma yana haifar da cutar kashin jini, sauro yana yaɗa ƙurajen nan da ke fitowa a zanko da gefen ido. Ga shi hatsin rumbu ya ja baya, mutanen gida ma auna musu ake yi, balle kaza. Idan ba ki da busasshen ɗaki mai kyau, kar ki sa ƙwai a wannan lokaci.

Kaka (tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba). Wannan shi ne lokacin da ya fi kowanne. Ruwa ya fara ɗaukewa, sanyi bai sauko ba, sabuwar masara ta shigo, ga waken suya, ga dusa da tsaki a kowane gida, ga ƙwari da ɗanyen ganye ba su ƙare ba. Idan kika sa ƙwai daga wajen 10 ga Satumba zuwa farkon Oktoba, 'yan tsakinki za su fito cikin wadata, kuma kafin hunturu ya kankama gashinsu ya rufe su.

Hunturu (Nuwamba zuwa Fabrairu). A nan ne ake kuka. Sanyin asuba yana kashe sabon ƙyanƙyasa, kuma a nan ne annobar nan da muke kira farin kashi, wasu su ce fakat, wadda likitocin dabbobi ke kira cutar Newcastle, ta fi yin ɓarna. Likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya sun daɗe da lura cewa a watannin sanyi da iska ta fi tashi a Arewa. Dalili a fili yake: ƙwayar cutar ta fi daɗewa da rai a cikin sanyi, sannan lokaci ne da kaji ke ta zirga-zirga daga ƙauye zuwa kasuwa saboda cinikin ƙarshen shekara. Alamunta su ne kaza ta takure ta saki fukafukai kamar ta yafa bargo, numfashi da ƙyar, zawo mai fari da kore, wani lokaci wuya ya murɗe. Ba a hana ki kwanci a hunturu ba, amma sai da sharaɗi biyu: kin yi rigakafi, kuma kina da wurin ɗumi.

Bazara (Maris zuwa tsakiyar Mayu). Zafi yakan doshi digiri 40. Kaza tana rage cin abinci, tana rage ƙwai, bawon ƙwan ya yi laushi, ƙarfin zakara ma yana raguwa. Ƙwan da aka ajiye a ɗaki mai rufin kwano yana fara lalacewa tun kafin kaza ta hau kansa. Shi ya sa baragurbi ya fi yawa a bazara. Shawarata, ƙwan bazara ki soya wa yara ko ki sayar, ki bar kazar ta huta.

Farkon damina (ƙarshen Mayu zuwa Yuni). Wannan shi ne lokaci na biyu mai kyau. Gari ya yi sanyi, gina da sauran ƙwari sun fito, ciyawa ta tsiro. Wadda ta sa ƙwai a makon ƙarshe na Mayu, 'yan tsakinta za su cika mako 6 a ƙarshen Yuli, daidai lokacin da marka ke shigowa. Kar ki wuce tsakiyar Yuni. A wannan lokaci ne kuma ƙwan zabi ke samuwa. Idan za ki haɗa shi da na kaza a ƙarƙashin uwa ɗaya, ki fara sa na zabin da mako guda, domin su fito tare.

A taƙaice, ƙofofi biyu gare ki a shekara: farkon damina da kaka. Idan kazarki ta nemi kwanci a lokacin da bai dace ba, ki kwashe ƙwan, ki ɗauke ta daga gurbin, ki sa ta a keji mai haske da iska na kwana 3 zuwa 4 da ruwa da abinci. Za ta huce, ta koma ƙwai bayan ɗan lokaci. Amma don Allah kar a ɗaure ta a rana ko a hana ta ruwa kamar yadda wasu ke yi, wannan zalunci ne.

KI HAƊA DA LISSAFIN KASUWA

Kowa ya san kaza ta fi daraja a jajibirin ƙaramar Sallah. To ki ƙirga baya: wata 6 na girma, da kwana 21 na kwanci. Lissafin zai kai ki wajen 10 ga watan Rabi'ul Awwal, wato watan Maulidi. A 2025 Maulidi ya faɗo a farkon Satumba, ƙaramar Sallar da ta biyo baya kuma a watan Maris, kin ga kwancin kaka ya zo daidai da cinikin Sallah. Sai dai ki tuna watannin Musulunci suna matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka a hankali watan Maulidi yana shiga cikin marka. Idan lissafin kasuwa ya ci karo da lissafin yanayi, ki bi na yanayi. Gara ki kai matsakaitan zakaru 8 kasuwa da ki kai manya 2. Ko kuwa ki yi kwancin farkon damina, ki riƙe su har Sallah idan kina da abin ba su.

RIGAKAFI KAFIN KWANCI

Farin kashi ba shi da magani idan ya kama. Kafso ɗin da ake buɗewa a zuba a ruwa, da barkono, da sauran jiƙe-jiƙe, ba sa kashe wannan ƙwayar cuta. Abin da ke aiki shi ne rigakafi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin maganin rigakafin wannan cuta iri-iri. Akwai Lasota da ake sawa a ruwan sha, akwai kuma wanda ake kira I-2, wanda aka samo asalinsa daga ƙasar Ostireliya domin kajin ƙauye, saboda ya fi sauran jure zafi. Shi ɗigo ɗaya ake yi a ido, babba da ƙarami har ɗan tsako, kuma ana maimaitawa duk wata 3 zuwa 4.

Ki riƙe watanni uku: Satumba, Janairu da Mayu. Na Satumba shi ne mafi muhimmanci, domin maganin yana ɗaukar mako 1 zuwa 2 kafin ya fara kare kaza, kuma uwar da aka yi wa rigakafi tana ba ɗanta wani kaso na kariya ta cikin ƙwai. 'Yan tsakin da aka ƙyanƙyashe bayan an yi zagayen, su ma a kai musu nasu. Ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu. Kar a bar kwalbar a rana, kuma idan an haɗa maganin a ƙarar da shi a ranar.

Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya. Don haka ku haɗu ku goma ko sha biyar a unguwa ko a ajinku, ku yi karo-karo, a aika asibitin dabbobi ko wajen malamin gona na KTARDA a tambayi inda za a samu mai kyau, a zagaya gidajen rana ɗaya. Wannan ya fi amfani, domin kazar maƙwabciyarki idan ta kamu, taki ma tana cikin haɗari.

ZAƁEN IYAYE DA ƘWAI

Zakara ɗaya ya isa kaji 8 zuwa 10. Idan zakaru suka yi yawa, faɗa za su yi ta yi, su kuma wahalar da matan. Ki riƙa canza zakara duk shekara, ki yi musaya da wata daga nesa da gidanki, domin idan uba yana bin 'ya'yansa, iri yana ƙanƙancewa yana raunana. Kajin rugar Fulani sun fi namu girman jiki, zakaransu yana gyara iri.

Ga wani abin lura. Kajin zamani irin su Shika Brown, wadda cibiyar NAPRI da ke Shika a kan hanyarmu ta zuwa Zariya ta samar, da Noiler da ta cika kasuwanninmu, suna da yawan ƙwai, amma ba kasafai suke kwanci ba. Idan kina da su, kar ki rabu da kajinki na Hausa, su ne injin ƙyanƙyasarki. Ki sa musu ƙwan waɗancan, in dai akwai zakara a tare da su. Ƙwan kireti na shago kuwa ba ya ƙyanƙyashewa, domin kajin da suka yi shi ba su ga zakara ba.

Wajen zaɓen ƙwai: ki ɗauki matsakaici, mai tsabta, marar tsaga. Kar ki wanke shi, domin akwai wani siririn rufi a jikin bawon da ke hana ƙwayoyin cuta shiga. Ki rubuta kwanan wata a jikinsa da fensir. Ki ajiye shi a wuri mafi sanyi a gidan, misali cikin ƙwarya a kan yashi kusa da randa, tsinin yana kallon ƙasa. Ƙwan da ya wuce kwana 7 zuwa 10 a ajiye, ya tafi tukunya. Kuma kar ki yi haɗama: ƙaramar kaza ƙwai 8, babba 10 zuwa 12. Duk ƙwan da kika hango yana leƙowa daga ƙarƙashinta, ba ya samun ɗumi.

MUHALLI: WURI HUƊU KIKE BUƘATA

Kar kalmar muhalli ta tsorata ki. Ba bulo da siminti nake nufi ba. Da jar ƙasa, kara, zana, tsohon buhu da 'yar ragar waya za ki gama komai.

Na ɗaya: ɗakin kwana. Kaji 10 da zakara ɗaya, ɗaki mai faɗin ƙafa 5 da tsawon ƙafa 7 ya ishe su. Babban aibin akurkinmu na gargajiya shi ne ƙanƙanta da duhu: ƙofa kamar bakin tulu, ba iska, ba a iya shara. Ki sa a gina shi yadda mutum zai iya sunkuyawa ya shiga da tsintsiya. A ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tudu da kamar taki ɗaya, domin kar ruwa ya kwanta. Ƙofa ta kalli kudu, saboda a ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, iskar hunturu daga arewa maso gabas, ranar yamma kuma tana da zafi. A buɗe tagogi a sama kusa da rufi, a sa musu raga. Da hunturu ki rufe na ɓangaren iska da buhu da dare, amma kar ki toshe duka. Idan kika buɗe ƙofa da safe wari ya bugi idonki, to iska ba ta isa ba. In rufin kwano ne, a shimfiɗa kara ko zana a kansa. A gicciya sanda mai kaurin muciya a tsayin gwiwa zuwa ƙugu domin su hau su kwana, a ba kowace kaza wajen taki ɗaya. A ƙasa ki zuba buntun shinkafa ko dusar katako, ki kwashe idan ya jiƙe, taki ne mai kyau ga gonar bayan gida. A yaɓe duk wata tsaga a bango, domin a nan ƙwarƙwata da ƙuma da kaska ke ɓuya da rana su fito da dare su sha jini. Ki riƙa barbaɗa toka, ki kuma shafe bangon da farar ƙasa sau biyu a shekara, kafin damina da kafin hunturu.

Na biyu: wurin kwanci. Wannan dabam yake da ɗakin kwana. Idan mai kwanci tana cikin sauran, za su riƙa hawa kanta suna zuba sabon ƙwai, lissafin kwanaki ya rikice, wasu su fashe. Ki samu lungu mai inuwa da ɗan duhu, inda yara ba sa wasa. Tsohuwar tukunya mai faɗin baki, kwando ko kwali mai faɗin ƙafa ɗaya da 'yan kai ya isa. Ki fara zuba yashi, ki barbaɗa toka, sannan busasshiyar ciyawa, ki yi masa ɗan kwari a tsakiya kamar faranti. Da rani ki riƙa ɗan yayyafa ruwa a ƙasan da ke kewaye da gurbin, ba a kan ƙwan ba, domin bushewar iska tana sa ɗan tsako ya maƙale a bawo. Idan za ki canza mata wuri, da dare za ki yi, ki gwada ta da ƙwai biyu na kwana biyu, in ta zauna sai ki sa sauran. Ki ajiye ruwa da tsaki kusa, da ɗan kasko na toka da yashi da za ta yi birgima. Takan sauka sau ɗaya a yini na ɗan lokaci, wannan ba matsala ba ne. A kwana na 7 zuwa 10, da dare, ki haska kowane ƙwai da tocila: mai rai za ki ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo-gizo, wanda yake fayau kuwa ki cire shi kafin ya ruɓe ya fashe ya ɓata sauran. Daga kwana na 18 kar ki ƙara taɓa su. Da dare ki kife gurbin da kwando mai nauyi saboda gafiya, muzuru da maciji. Bayan ƙyanƙyasa ki ƙone ciyawar gurbin.

Na uku: kejin reno. Wannan shi ne wanda ya fi ceton rai, kuma shi ne wanda ba mu yi. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, to ke ma ki taya ta tsoro. Kar ki saki uwa da 'ya'yanta su shiga gari sai sun yi mako 4 zuwa 6. Ki samu babban kwando mai ƙananan idanu, ko kafinta ya buga miki keji marar gindi mai tsawon ƙafa 4 da faɗin ƙafa 3, rabinsa a rufe, rabi raga. Da hantsi, bayan raɓa ta bushe, ki fitar da shi wuri busasshe, ki riƙa matsar da shi kullum, da zafin rana ki mai da shi inuwa, da magariba ki shigar da su ɗaki a kan buhu ko buntu. Ruwa shi ne farkon abin da za ki ba su, a murfi marar zurfi da 'yan tsakuwa a ciki domin kar su faɗa su jiƙe. Abincinsu: tsakin masara mai laushi kashi 3, soyayyen waken suya ko ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji a daka kashi 1, da ɗan garin busasshen kifi da yankakken zogale. Ɗanyen waken suya ba ya narke musu, sai an soya ko an dafa. Gara kuwa nama ce a wurinsu: ki cusa karmami da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya, ki yayyafa ruwa, ki kife a inda gara take, washegari ki zazzage musu. Ki tuna duk dabbar da kika tsare, cinta da shanta sun koma wuyanki.

Idan babu uwa, ko sanyi ya tsananta, su da kansu za su gaya miki: in sun cure wuri ɗaya suna tsiwa, sanyi suke ji, in sun watse gefe suna haki, zafi ya yi yawa. Mai sa kaskon gawayi ta bari ya ruru ya daina hayaƙi, ta kare shi yadda ba za su taɓa ba, ta kuma bar kafar iska. Gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe kaji, yana kashe mutum.

Na huɗu: wurin baƙuwa. Wannan shi ne darasin da zakaran Disamba ya koya mini. Duk kazar da ta shigo gidanki, ta saye ce, ta kyauta ce, ko taki ce da aka kai kasuwa ba a saya ba aka dawo da ita, ki ware ta nesa da sauran har kwana 14, da nata mazubin ruwa. Wadda ta nuna alamar ciwo ita ma ki ware ta nan take. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone, kar a jefa a bola kare ya ja. Agwagi da zabi kuma su kwana dabam, domin agwagwa takan ɗauki cuta ba ta nuna ba.

Wani gargaɗi: kar kaji su kwana a ɗakin da mutane ke kwana ko a madafa. Kashinsu yana jawo wa yara masu rarrafe gudawa. Kuma ba mu manta ba, murar tsuntsaye ta fara bayyana a Nijeriya a watan Fabrairu 2006 a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, nan kusa da mu, ta kuma sake dawowa a 2015 da 2021. Idan kika ga kaji suna zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kar a yanka a ci, kar a kai kasuwa, a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Ki riƙa wanke hannu da sabulu bayan kin taɓa su.

WATA DABARA GA MAI KAJI DA YAWA

Idan kaji biyu ko uku suka nemi kwanci kusa da juna, ki riƙe ta farkon da dafaffen ƙwai mai alama na 'yan kwanaki, har sauran su shirya, sai ki sa musu ƙwai dare ɗaya. Za su ƙyanƙyashe tare, ki yi reno sau ɗaya, rigakafi sau ɗaya, ki kuma sayar tare kuɗin su zo miki a dunƙule. Kina iya haɗa wa wadda ta fi iya reno 'yan tsakin da dare, gwargwadon abin da fukafukanta za su rufe, ɗayar ta huta ta koma ƙwai. Haka kuma idan kika raba uwa da 'ya'yanta a mako na 6, tana saurin komawa ƙwai fiye da wadda aka bari tana jan su wata uku.

AIKIN GIDA

Tunda darasi ne, ga aikinki kafin fitowa ta gaba. Ki samu littafi ɗan 20, ki rubuta yawan kajinki, da ranar da kowace ta fara ƙwai, da ranar da kika sa mata, da nawa suka fito, da nawa suka kai wata biyu. Ki zagaya akurkinki ki duba abu uku: yana yoyo? Iska tana shiga? Tsintsiya tana kaiwa ƙarshensa? Sannan ki yi magana da maƙwabtanki a kan karo-karon rigakafi, ki kuma shawarci maigida a kan inda za a yi ginin, tun kafin lokaci ya ƙure.

Ita ɗalibar tawa da na ba ku labari, a kakar da ta biyo baya ta sa ƙwai 10 a tsakiyar Satumba, 9 suka fito, ta rene su a ƙarƙashin kwando, 8 suka girma. Yanzu ita ke zagayawa da kwalbar rigakafi a layinsu.

Duk mai tambaya ta aiko ta hannun shugabar reshenta, za mu amsa a wannan fili in sha Allahu. A fitowa ta gaba za mu duba yadda ake haɗa abincin kaji daga abin da muke nomawa. Allah Ya sa albarka a cikin abin da muke kiwo, Ya kare mana shi daga annoba.